Ranar da Na Ɗauko Mahaifin Kyaftin

Shekara biyu na yi ina ci wa ƙungiyar kwalejinmu ƙwallo a Kazaure, ana ɗaga ni sama ana yi mini kirari. Yau da furfura ta fara leƙo mini a gemu zan iya faɗin gaskiya, rabin ƙwallayen nan ba nawa ba ne, ragowar rabin ma da taimako aka samu. Ni ɗan gaba ne mai tsawo da son jiki. Aikina in tsaya kusa da ragar abokan karawa ina yi wa alƙalin wasa mita har ƙwallo ta zo ta same ni. Mai kawo mini ita kuwa shi ne kyaftin ɗinmu, wanda yake buga tsakiya, kuma ɗakinmu ɗaya da shi a makaranta.

In ka gan shi a hanya ba za ka ce ya taɓa shura ƙwallo ba. Siriri ne, ƙafafunsa da ɗan gwame, ba shi da wani gudu na a zo a gani. Daga wani ƙauye yake can bayan Gwiwa, amma in an yi hutu Kanya Babba yake tafiya wajen baffansa, ƙanin mahaifinsa, wani ɗan kasuwa mai surutu da yake shiga Nijar saro kaya. Ban taɓa tambayar dalili ba. A lokacin ba na tambayar abin da bai shafi cikina ko ƙafata ba.

Abin da ya bambanta shi da mu ido ne. Kafin kowane wasa, mu muna can muna ɗaure takalma muna cika baki, shi yana zagaya fili shi kaɗai, hannu a baya, yana tsince tsakuwa yana taka ƙasa da dunduniya. Filayenmu ba ciyawa gare su ba, kowanne da tudunsa da kwarinsa, kuma kafin a busa usur ya san inda ƙwallo za ta yi tsalle da inda yashi zai riƙe ta. Sai ya zo ya ce da ni in ya sunkuyar da kai in ruga ta bayan mai tsaron baya na hagu, kada in waiwaya. Nakan ruga ɗin, ina cewa a raina yau kam zai kunyata ni, sai kawai in ga ƙwallo ta sauko a gaban ƙafata ta dama, wadda ita kaɗai ce take aiki. Ban san yadda yake yi ba, kuma har yau ban sake ganin wanda ya iya ba. Na so shi ƙwarai, ina kuma ɗan jin haushinsa, domin shi ya san iya abin da na iya, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Garin ma ya so shi. Masu acaɓa kan ɗauke shi su ƙi karɓar ko sisi, mutanen Roni kan cika keke-napep su zo kallonsa. Duk wannan bai hana shi durƙusa wa mai gadin makaranta ba. Kocinmu, wani tsohon ɗan ƙwallo mai ƙaton ciki da ƙaramar zuciya, yakan ce ba ya jin daɗin yi masa faɗa, domin kana farawa zai ce to ya sunkuyar da kai, sai kai mai faɗan ka ji kamar kai ne ka yi laifi.

Amma ba zan mai da shi waliyyi ba, yana da nasa. Ranar Asabar da Lahadi da yamma muna zuwa wani gidan kallon ƙwallo na langa-langa kusa da kasuwa, mu kalli wasannin Turai. Minti goma da fara wasa zai karkato ya ce mini waɗannan masu jar riga yau ba za su kai labari ba, tsakiyarsu a buɗe take. Yawanci haka ake yi. Da mutane suka lura, sai suka daina jiran minti goman, suka koma tambayarsa tun kafin a fara. A wannan zamanin ne cacar ƙwallo ta shigo mana ta cikin waya, yaro yana zaune a kan benci kusa da kai yana yi ba ka sani ba. Samari suka riƙa kewaye kyaftin suna tambayar wa zai ci wa, wasu har da rubutawa a tafin hannu.

Shi bai taɓa yin caca ba. Wannan na sani, domin wayarsa ƙarama ce mai maɓallai, kuma wanda kuke ɗaki ɗaya shekara biyu ba ya iya ɓoye maka irin wannan. Amma yana jin daɗin a tambaye shi, kuma ya san abin da ake yi da amsarsa. Koci ya taɓa ja masa kunne, ya ce to, ya ƙara da cewa shi hirar ƙwallo kawai yake yi. Ni kuwa ban taɓa ce masa komai ba, saboda zama kusa da shi yana jawo mini lemo mai sanyi kyauta.

A shekararmu ta biyu, wajen ƙarshen damina, koci ya samo masa hanyar gwaji a wani babban kulob a Kano. Sun riga sun ji labarinsa, abin da ya rage ya je su gan shi da idonsu, ya kuma tafi da takarda daga kwaleji mai shaidar cewa halinsa na kirki ne. Saura mako uku a yi gwajin. Daga ranar da aka faɗa masa ya daina shan shayi da sukari, wai kada ya yi nauyi, mutumin da in iska ta taso sai an riƙe shi.

Cikin makonnin nan ne muka kara da samarin Babura a filin Roni, wasan kusa da na ƙarshe na wata gasar yankinmu. Sun ci mu ɗaya tun kafin hutun rabin lokaci, suka koma baya suka toshe ko'ina. Saura kamar minti biyu a tashi, kyaftin ya karɓi ƙwallo a tsakiya, ya yanke mutum uku a jere, abin da ba ya yawan yi, sai ga shi daga shi sai gola. Duk filin ya miƙe tsaye. Gola ya fito ya rufe masa gaba, shi kuwa ya gangaro mini da ita gefe, a hankali, raga a buɗe ba kowa. Na ɗaga ƙafa na narka mata duka, ta tashi ta bi ta saman raga, ta wuce kan 'yan kallo, ta faɗa cikin gonar gero. Ban tsaya jin ko an samo ta ba.

Kafin motarmu ta iso Kazaure labari ya riga mu isowa, kuma ba labarina ba ne. Ni an san ƙafata, ba wanda ya yi mamaki. Abin da ake faɗa shi ne kyaftin ya ƙi bugawa da gangan, ya sayar da wasa. Wasu suka ce ai baffansa mutumin Kanya Babba ne, ƙasar Babura, me ake jira. Wasu suka ce dama shi ne uban 'yan caca na gidan kallo. Masu acaɓan da suke ɗaukarsa kyauta suka koma wuce shi suna kallon gefe.

Da a bakin masu shayi maganar ta tsaya da ta mutu da kanta. Amma akwai wani malaminmu dattijo, mutumin kirki wanda ya koyar da mu a shekarar farko, da ɗansa ya faɗa cacar nan har ya sayar da babur ɗin gidansu. Da aka matsa wa ɗan sai ya ce kyaftin ne yake faɗa musu wasan da za su zaɓa. Malam ya je gidan kallon da kansa ya leƙa, ya ga samari sun kewaye kyaftin suna rubutu a hannu. Ya dawo ya rubuta ƙara zuwa ga hukumar makaranta, ya haɗa da zancen wasan Roni kamar yadda ya ji ana faɗa. Aka kafa kwamiti, aka aiko wa kyaftin takarda cewa ya bayyana ranar Alhamis da ƙarfe goma sha biyu, tare da mahaifinsa ko mariƙinsa.

Ya karanta takardar ya tura ta ƙarƙashin katifa, ya ce ba wanda zai kira. Na ce masa ya shirya ya je ya kare kansa, ya tona komai. Ya ce:

"Malam ya ce ya gan ni, kuma ya gan ni ɗin. In tashi a gaban mutane in ce ƙarya yake yi?"

Na ce to zancen sayar da wasa fa? Ya ce wannan ba malam ne ya ƙirƙira ba, ji ya yi, kuma mutumin da ɗansa ya lalace ba a ƙara masa da musu. Na yi ta masifa har maƙwabtan ɗaki suka leƙo, shi yana zaune yana ɗinke takalminsa. A nan na yanke shawarar zan cece shi ko yana so ko ba ya so, tunda ƙafata ce ta jawo.

Na zauna na yi lissafi irin na masu wayo. Baffan Kanya Babba ba zai yiwu ba, domin da ya buɗe baki za a ce ga wanda ya sayi wasan nan ya zo. Mahaifi kuwa manomi ne, dattijo, ba ruwansa da ƙwallo balle caca. In ya zauna gaban kwamiti ya ce ni na haifi yaron nan, na san halinsa, wa zai ja da shi? Na ji daɗin wannan dabara sosai, har na ƙi faɗa wa koci don kada a raba ladan da ni.

Ranar Alhamis ina idar da sallar asuba na ari babur ɗin yayana na kama hanya. Na bi ta Roni, na wuce Gwiwa, na yi ta tambaya har aka nuna mini wata 'yar hanya tsakanin gonaki. Gero ya yi kai, ana ta cirar gyaɗa. A gona na sami mahaifin, dogon mutum mai irin gwamen ƙafar ɗansa, yana jera gyaɗar da ya cire, yana kuma duban wani hadari da ya taso daga gabas. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ko ni wane ne, na kama sunan kyaftin na ce abokina ne. Bai maimaita sunan ba. Ya dai ce yaron nan lafiyarsa ƙalau ko, na ce lafiya lau, sannan na zayyana masa komai.

Ya sunkuya yana kakkaɓe ƙasa daga wani tushen gyaɗa. Can ya tambaye ni ko an je wa na Kanya. Na ce ba a je ba, na kuma yi masa bayanin dabarata dalla-dalla, ina jin kaina. Ya ce:

"Kai ka ga in na je zai yi amfani?"

"Baba, ai kai ne maganin abin gaba ɗaya."

Ya sake duban hadarin, ya dubi gyaɗarsa, ya ce to. Muka je gida, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka aiko da fura mai yawa. Mahaifiyar ba ta fito ba, ba ta kuma aiko a tambaye ni komai game da ɗanta ba. Na ce a raina waɗannan mutane ba su san abin da Allah ya ba su ba. Tsohon ya fito cikin farar riga mai layin ninki, wadda daga gani daga ƙasan akwati aka ciro ta, ya hau bayana ya riƙe ƙarfen babur da hannu biyu. A haka muka iso Kazaure.

Kyaftin yana zaune a kan benci a ƙofar ɗakin taro. Da ya hango wanda na ɗauko sai ya miƙe zumbur, ya dube ni wani irin kallo da ban gane ba a lokacin. Ya matsa can nesa ya durƙusa ya yi gaisuwa. Mahaifin ya amsa yana kallon bango.

Mutum biyar ne a kwamitin, da sakatare mai rubuta abin da aka ce. Malam dattijo ya fara magana, ya faɗi abin da ya gani da abin da ya sami ɗansa. Ban ji haushinsa ba ko kaɗan, tausayi ya ba ni. Sannan aka kira ni. Na tashi na ce fasin ɗin da ya miƙo mini a Roni babu irinsa, ni ne na zubar, duk wanda yake neman mai laifi ga ni. Wani daga cikin 'yan kwamitin, wanda ba ya rasa kallon wasanmu, ya yi murmushi ya ce ai kowa ya san ƙafata, shi ya sa ma suke tambaya, me zai sa mai hankali ya bar tasa ya miƙa wa irin wannan ƙafa a minti na ƙarshe. Aka yi dariya, aka ce in koma baya in zauna.

Shugaban kwamitin ya tambayi kyaftin ko ya taɓa yin caca, ya ce a'a, ranka ya daɗe. Ya tambaye shi ko ya sayar da wasa, ya ce a'a. Sai ya ce to ke nan abin da malam ya rubuta ƙarya ne? Kyaftin ya sunkuyar da kai. Aka maimaita tambayar, bai ɗago ba. Ina daga baya ina jin kamar in tashi in girgiza shi, sakatare kuwa yana ta rubutu.

Daga nan shugaban ya juya ga tsohon cikin girmamawa, ya ce:

"Baba, kai ka haife shi, ka fi kowa saninsa. Me za ka gaya mana game da halinsa?"

Na gyara zama, na ce yanzu za a ji magana. Tsohon ya dubi tafin hannunsa, ya dubi taga. Ko sau ɗaya bai dubi inda ɗansa yake ba. Ya ce:

"Ranka ya daɗe, ni ba ni da abin cewa a kansa. Yaro naku ne. Abin da kuka gani shi ne daidai."

Shugaban ya jira ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba. 'Yan kwamitin suka dubi juna. Na ga wanda ya yi mini dariya ɗazu ya girgiza kai a hankali, irin na mutumin da ya ce tunda uba ma ya sallama ai magana ta ƙare. Kafin a kira azahar sun gama. Ba su kore shi daga karatu ba, sun ce babu hujjar sayar da wasa, amma sun dakatar da shi daga duk wasannin makaranta shekara guda, kuma kwaleji ba za ta ba shi takardar shaidar hali ba. Saura kwana tara ke nan a yi gwajin Kano.

Dole ni zan mai da tsohon gida, tunda ni na ɗauko shi. Allah ya yafe mini tuƙin da na yi masa a ranar. Duk ramin da na gani sai na faɗa, ina jin yana ƙanƙame ƙarfe, ina cewa a raina gara ka ji a jikinka. Da muka iso Roni ya taɓa kafaɗata ya ce mu tsaya mu yi la'asar. Muka yi salla a wani ƙaramin masallaci da ke kallon filin ƙwallo. Da muka fito, maimakon ya nufi babur sai ya tsaya yana duban filin, ya nuna wata bishiyar maina can gefe da haɓarsa, ya ce a can ya tsaya ranar.

Na ce wace ranar, Baba? Ya ce ranar da muka yi da mutanen Babura. Ya kawo akuya kasuwa, ya ji ana cewa 'yan Kazaure ne za su yi wasa, sai ya raɓe a gindin bishiyar har aka tashi. Ya ce wannan ne karo na uku da ya yi haka. Sannan ya ce:

"Ni ban san ƙwallo ba. Amma na ga mai tsaron ragar ya tare masa gaba, na ga kai ba kowa a gabanka. Abin da ya yi shi ne daidai. Kai ne ka harba ta gonar mutane."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na ce to Baba, don Allah me ya hana ka faɗi wannan a gabansu? Ya dube ni da mamaki sosai, kamar na tambaye shi me ya sa ba ya cin abinci da hagu.

"Shi ne na farko. Sunan mahaifina ne ma da shi, ban taɓa kama shi da bakina ba. Ta yaya zan zauna gaban manyan mutane in yabi ɗan fari? Ƙanena ne mai baki a kansa, tun yaye aka ba shi. Da shi ka ɗauko."

Ba wai ban san kunyar ɗan fari ba. Mahaifiyata ma ba ta faɗin sunan babban yayanmu. Amma ni na ɗauka abin mata ne, abin cikin gida, wanda in wuya ta zo ake ajiye shi gefe. Ban kuma taɓa sanin kyaftin ne na fari a gidansu ba, shekara biyu muna kwana ɗaki ɗaya. Tsohon ya gaya mini tun a gona da irin tasa maganar, ni ne ban ji ba saboda ina sauraren wayona. 'Yan kwamitin nan duk Hausawa da Fulani ne, da an ce musu ɗan fari ne da sun gane nan take, amma babu wanda ya faɗa, kuma abin da ya shiga takarda shi ne mahaifi ba shi da abin cewa. Ragowar hanyar na tuƙa shi a hankali kamar na ɗauko ƙwai. Mun tarar ruwa ya sauka a kan gyaɗarsa, bai ce komai a kai ba, ya dai sa mini albarka ya ce in gaida mutanen gida.

Washegari na tafi Kanya Babba na faɗa wa baffan. Ya zage ni tas tun daga shagonsa har bakin titi, kuma na cancanta. Ranar Litinin ya dira a makaranta da babbar riga, ya shiga ofis-ofis yana ba da tarihin yaron tun daga rarrafe, yana rantsuwa, yana kiran shaidu. Duk wanda ya saurare shi ya gamsu, har malam dattijo ya ce shi bai so abin ya kai haka ba. Amma an riga an sa hannu. Aka ce ya rubuta ɗaukaka ƙara, za a duba a zama na gaba, bayan wata biyu. Ranar gwaji ta zo ta wuce, mutanen Kano suka ɗauki wani.

Kyaftin ya gama karatunsa. Yanzu yana koyarwa a wata firamare a ƙasar Babura, kuma na ji an ce ƙungiyar makarantarsu ba ta da sauƙin karawa. Gidan kallo kuwa bai sake takawa ba tun daga ranar kwamiti, ya ce mini wannan ɓangaren na ƙarar gaskiya ne, bai kamata ya riƙa ba da amsa ba. Ni ma ban daɗe ina buga ƙwallo ba bayan dakatar da shi, domin da babu mai kawo mini ita asirina ya tonu cikin wasa uku.

Bayan zaman kwamitin nan, sai da na yi kwana huɗu ina kauce wa kyaftin a ɗaki kafin na iya ba shi haƙuri. Na same shi da yamma a kan wani dutse da ke saman filin makaranta, yana kallon 'yan ƙungiya suna atisaye babu shi. Na zauna na fara jero laifuffukana, daga ƙwallon da na harba har tsohon da na ɗauko ba da izininsa ba. Ya bar ni na yi ta zuba, har na kai ga tsayawarmu a Roni da abin da mahaifinsa ya ce. A nan ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni.

"Ya zo Roni?"

Na ce ya zo, a gindin maina ya tsaya, kuma karo na uku ke nan.

"Har aka tashi?"

Na ce har aka tashi.

Ya shiga murza wani ɗan dutse a hannunsa. A ƙasa koci yana ta yi wa wani ihu a kan fasin. Na ɗauka yanzu zai yi zancen Kano, na shirya in ji duk abin da zai ce mini, domin ni na hana shi zuwa. Sai ya ce in sake faɗa masa abin da tsohon ya ce, yadda ya faɗe shi, kada in rage kada in ƙara. Na faɗa. Ya ce in sake. Na sake faɗa, har da wurin da aka ce ni na harba ta gonar mutane. A karo na uku ina cikin faɗa na ga ya ja wuyan rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna motsi, ban san ko dariya yake ko kuka ba. Na dakata. Daga cikin rigar ya ce in ci gaba, bai ce in tsaya ba.